Babi na Bakwai: Karanta Takardar Awon Ƙasa

Idan manoman masara suka haɗu bayan kaka, a kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada, tambayar da ake yi wa juna ba ta wuce ɗaya: "Buhu nawa ka zuba, nawa ka ɗauka?" Wannan ya ce ya zuba shida ya ɗauki arba'in, wancan ya ce shi ma shidan ya zuba amma bai haɗa ashirin ba. Daga nan sai laifi ya koma kan taki, a ce na bana ba shi da ƙarfi, ko an yi masa algus. Algus kam akwai shi, shi ya sa ma aka yi dokar kula da ingancin takin zamani a 2019. Amma sau da yawa buhunan iri ɗaya ne, daga shago ɗaya aka ɗauko su, rana ɗaya. Gonakin ne suka bambanta, kuma babu wanda ya tambayi gonar abin da take nema kafin a ba ta.

Wanda ya taso daga Ƙofa a ƙasar Bebeji, ya ratsa Kiru, ya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore har duwatsun Riruwai a Doguwa, idonsa kaɗai ya ishe shi shaida. A arewa jigawa ta fi yawa, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke wucewa da sauri. Yana yin kudu ruwan sama na ƙaruwa, damina na ƙara tsawo, jar ƙasa mai ɗan danƙo da tsakuwa suna bayyana, ga fadamu masu laka a bakin rafuka. Duk da haka shawarar da aka daɗe ana bai wa mai masara a wannan yanki guda ce: kowace hekta ta samu kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfet (fosfaras), kilo 60 na fotash (fotasiyam). A lissafin kasuwa, buhu 8 ke nan na kamfa 15-15-15 da kusan buhu biyu da rabi na yuriya. Shawarar tana da tushe, don daga gwaje-gwajen shekaru ta fito, musamman na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. Sai dai an auna ta ne a kan matsakaiciyar gona, alhali kowa tasa gonar yake nomawa. Ga shi kuma a tsadar yau, manomi nawa ne ke iya sayen buhu goma saboda hekta guda?

A daminar 2015 da ta 2016, masana daga Jami'ar Bayero da cibiyar IITA, ƙarƙashin shirin TAMASA, sun yi wani gwaji a gonakin manoma a jihohin Kano, Kaduna da Katsina, har da Doguwa da Tudun Wada. A gona guda sai a yanka filaye: wannan a ba shi komai, wannan a hana shi naitirojin kaɗai, wannan fosfaras, wannan fotasiyam, wani kuma a bar shi babu ko ƙwaya. Abin da ya fito shi ne naitirojin da fosfaras su ne manyan masu tauye masara a yankin. Fotasiyam kuwa, a gonaki da yawa, cire shi bai rage amfani sosai ba. An samu gonakin da sai da aka ƙara ƙananan sinadarai irin su salfa da zinki suka ɗaga, an kuma samu waɗanda ko me aka zuba musu ba su motsa kirki ba. Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi damuna, domin mai irin wannan gona yana binne kuɗinsa ne duk shekara, kuma awon ƙasa na iya gaya masa tun bai saya ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe ke nan: ga mai ƙaramin ƙarfi, babban amfanin takardar awo shi ne ta nuna masa abin da zai daina saya, da gonar da ta fi cancantar buhunan da ya iya saya.

Kafin a buɗe takardar

Tambayar farko ba ta cikin takardar: yaya aka ɗebi ƙasar? Saman hekta ɗaya, zurfin da garma ke kaiwa, ya haura tan 2,000 na ƙasa. Abin da za a kai ɗakin gwaji bai wuce rabin kilo ba, kuma a cikinsa 'yan giram kaɗan za a auna. Idan an ɗebo daga gindin gawo, ko inda aka jibge taki bara, ko kusa da suri, ko inda aka ƙona kara, takardar za ta faɗi gaskiyar wannan wurin ne kaɗai. Mai miya takan juya tukunya kafin ta ɗanɗana. Haka ake yi: a zagaya gonar a karkace, a ɗiba a wuri 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a haɗa a bokitin roba mai tsabta, a cakuɗa sosai, a shanya a inuwa, sannan a ɗebi rabin kilo. Kada a zuba a tsohon buhun taki. Gonar da ke da tudu da gangare, ko jigawa da laka, samfuri biyu take buƙata, kowane da sunansa. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe amfani, da rani, yadda sakamako zai dawo kafin a shiga kasuwar taki.

Wuraren awo ba su yi nisa ba. Akwai ɗakunan gwajin ƙasa a Jami'ar Bayero, har da Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, akwai na Samaru, kuma kamfanin OCP na Maroko ya yi yawo a ƙauyukan arewa da motar awon ƙasa ta tafi-da-gidanka. Malaman gona na hukumar KNARDA su ne tsani mafi kusa ga manomi.

Tsami, da ƙarfin jikin ƙasa

Layin da za a fara dubawa shi ne wanda aka rubuta pH. Shi ke nuna ko ƙasa ta yi tsami ko ta karkata wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa. Masara da dawa da waken suya sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7, kuma akasarin gonakin tudu na kudancin Kano nan suke faɗawa. Idan lambar ta sauka ƙasa da 5.5, musamman ta kusanci 5, sai sinadarin alminiyam ya fara narkewa yana ƙona bakin saiwa, ƙasar kuma ta riƙa kame fosfaras ɗin da aka zuba ta hana shuka. Mai irin wannan gona idan ya ƙara buhu, ƙara asara ya yi. Gyaranta toka, takin gida, da garin farar ƙasa na noma idan ya samu. A lura da abu guda: wasu ɗakunan gwaji da ruwa suke aunawa, wasu da ruwan wani gishiri da ake rubutawa CaCl2, kuma na biyun yakan fito ƙasa da na farko da kusan rabin lamba. Wanda ya ga 5.2 ya duba da me aka auna kafin hankalinsa ya tashi.

Tsamin nan sau da yawa mu ke kawo shi. A Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana zuba wa wasu filaye kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara da shekaru. Filayen da aka dinga ɗura wa takin naitirojin zalla sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya. Waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu su suka riƙe ƙarfinsu. Manomin Doguwa da ke shuka masara bayan masara, yuriya bayan yuriya, ya kwashe kara kaf ya kai gida, hanyar filayen farko yake bi.

Masu noman rani a ƙasan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, matsalarsu takan zo ta ɗaya gefen. Inda ruwa ke kwanciya babu magudana, pH na iya haura 7.5, gishiri ya taru, har a ga fari-fari a saman ƙasa. Su layin da aka rubuta EC ya kamata su duba, shi ke auna gishiri. A irin wannan ƙasa shinkafa takan rasa zinki, ta tsugune, ganyenta ya yi tsatsa-tsatsa, mai ita ya yi ta ƙara yuriya a banza.

Layi na biyu shi ne OC, wato ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da saiwoyin da suka zama jikin ƙasa. Shi ne abin da tsofaffi ke nufi idan suka ce gona tana da rai, ko ta mutu. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 ana ɗaukarsa kaɗan ne, kuma kada kowa ya yi mamaki idan ya ga 0.4 ko 0.6, don haka yawancin gonakinmu na tudu suke. Wasu takardun da g/kg suke rubutawa. A raba da goma, 6 g/kg shi ne 0.6 cikin 100. Kusa da shi akwai CEC, ma'aunin yadda ƙasa ke iya riƙe sinadari kada ruwa ya tafi da shi, da kuma kason rairayi da laka. Idan rairayi ya haura kashi 70 cikin 100, OC ya yi ƙasa, CEC bai kai 6 ba, kamar yadda ake yawan samu a jigawar Kiru da Bebeji, to ma'anar a aikace ita ce kada a zuba yuriya gaba ɗaya. A raba shi biyu, a binne shi a gefen shuka a rufe, ƙasa na da danshi. Wanda ya watsa shi a sama da rana tsaka, wani kaso iska za ta ɗauka, wani kuma ruwan farko ya gangara da shi.

Haruffa uku na jikin buhu

Naitirojin, mai harafin N, shi ne layin da mutane suka fi zuba wa ido, kuma shi ne ya fi ƙarancin labari. Kusan ko'ina a yankin nan "kaɗan" za a gani, ƙasa da 0.1 cikin 100. Awon yana ƙirga duk naitirojin ɗin da ke ƙulle a jikin ƙasa ne, ba wanda shuka za ta samu a wannan damina ba. Don haka yawan yuriyar da za a saya, amfanin da ake hari ne ke yanke shi, tare da irin da aka shuka, da ruwan wurin, da abin da aka noma bara. Masara na jan kusan kilo 20 na naitirojin kan kowane tan na ƙwaya idan an haɗa da karanta, kuma ba ta cika kama fiye da rabin abin da aka zuba ba. Mai irin zamani a Doguwa, inda damina ke da tsawo, yana da hujjar kusantar kilo 120. Mai irin gida a jigawar Ƙofa, wanda ya yi shuka a makare, ba shi da ita. Gonar da ta fito daga waken suya ko gyaɗa za a iya rage mata kaɗan. Inda ƙuduji ya yi kaka-gida kuwa, ba sai an kai ɗakin gwaji ba an san naitirojin ya ƙare.

Fosfaras, mai harafin P, nan ne awo ke biyan kuɗinsa. Ido ba ya ganinsa sai ɓarna ta auku, lokacin da ƙaramar masara ta tsaya cak, gefen ganyenta ya yi shuni-shuni. Kuma bambancinsa tsakanin gona da gona babba ne ƙwarai. Da hanyar awon da aka fi amfani da ita a nan, wadda ake rubutawa Bray-1, abin da bai kai 7 zuwa 10 mg/kg ba kaɗan ne, daga nan zuwa 20 matsakaici, sama da 20 ya wadatar. Idan an rubuta Mehlich-3 ko Olsen, iyakokin sun ɗan sauya, don haka ba a gwama lambar wannan ɗakin gwaji da ta wancan sai an san hanyarsu ɗaya. Ƙasar da P ɗinta ya yi ƙasa ba ta iya cin moriyar yuriya yadda ya kamata, domin saiwar ba ta bazu ba balle ta kamo shi. Kuma fosfaras ba ya yawo cikin ƙasa. Inda aka ajiye shi nan yake zama, shi ya sa ake binne shi kusa da shuka lokacin shuka ko cikin mako biyun farko. Wanda ya bari sai masara ta kai gwiwa sannan ya kawo kamfa, ya makara.

Fotasiyam, mai harafin K, da cmol/kg ake yawan rubuta shi. Ƙasa da 0.15 kaɗan ne, sama da 0.30 ya isa. Muna da wata sa'a a nan wadda ba kowa ya san da ita ba: ƙurar hunturu da ke tasowa daga hamada tana sauke fotasiyam da kalsiyam a gonakinmu duk shekara, kyauta, ga kuma duwatsun yankin da asalinsu suna ɗauke da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa gonaki da yawa ba su nuna yunwarsa ba a gwajin 2015 da 2016. Amma akasarin fotasiyam ɗin da masara ta ja a kara yake zama, mu kuma karan muke kwashewa saboda dabbobi da danga da girki. Idan tokar da kashin dabbobin ba su koma gonar ba, rijiyar tana raguwa ne a hankali.

Daga lamba zuwa buhu

Lambobin jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya cikin ukun. Buhun 20-10-10, wanda ya cika kasuwa tun da aka fara shirin takin shugaban ƙasa da haɗin gwiwar Maroko a ƙarshen 2016, ana sayar da shi naira 5,500 a lokacin, yana da kilo 10 na naitirojin, kilo 5 na fosfet, kilo 5 na fotash. Buhun yuriya kilo 23 ne na naitirojin, babu komai bayan haka. Supa kusan kilo 9 na fosfet ne, da salfa a ciki. DAP kuwa kilo 9 na naitirojin da kilo 23 na fosfet.

A ƙaddara wani manomi a ƙasar Tudun Wada yana da hekta guda a daji, kuma kuɗinsa buhu shida za su saya. Takardarsa ta ce pH 5.8, OC 0.6, P 5, K 0.32. Abin da ya saba shi ne buhu 4 na 20-10-10 da buhu 2 na yuriya. Lissafinsu: naitirojin 86, fosfet 20, fotash 20. Gonar da ke kukan fosfaras ya ba ta sulusin abin da ake so, ya kuma biya kuɗin fotash ɗin da ba ta roƙa ba. Da ya ɗauki 15-15-15 a madadin, fosfet ɗinsa ya tashi zuwa 30, naitirojin ya sauka 76, kuma ga wannan gona cinikin ya yi kyau. Da zai samu DAP buhu 2 ya haɗa da yuriya buhu 4, sai ya tashi da naitirojin 110 da fosfet 46, a buhu shidan nan dai. Idan babu DAP, ko buhu biyu na supa ya sa a madadin ɗaya na kamfa ya matsa gaba, ga ribar salfa.

A ƙaddara kuma yana da wata gonar a bayan gida, wadda ta sha shara da toka da kashin awaki tun zamanin kakansa, takardarta ta ce pH 6.8, P 28, K 0.5. Wannan yuriya kawai take nema, ko da ɗan kamfa kaɗan na tashi. Amma a al'ada ita ake fara yi wa hidima, don ita ce a kan ido, ita ke fitar da mutum kunya. Takardun biyu idan aka ajiye su gefe da gefe, abin da suke faɗa a fili yake: a kwashe kamfar a kai daji, a bi ta da mangalar takin gida gwargwadon iko.

Na san abin da dattijo zai ce wa malamin gona a nan: "Malam, gonar nan tun kafin a haife ka nake nomanta, takarda ce za ta gaya mini halinta?" Yana da gaskiyarsa, kuma amsar da ta dace ita ce, "Baba, ba sai ka yarda da ita ba, mu gwada ta a kunya goma." A ware kunyoyi goma a bi shawarar takarda, goma na kusa da su a yi yadda aka saba, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a casa kowane daban a auna da kwano ɗaya. Takardar ba ta san gonar na kwantar da ruwa a Agusta ba, ba ta san akwai faƙo ko marmara a ƙarƙashi ba, ba ta san tsutsa ta ci masarar bara ba. Shi ya san waɗannan. Idan lambobi sun yi kyau amma gona ta ƙi, a nan za a nemi dalili, ko a sake awo a nemi a duba salfa da zinki, domin ba kowane ɗakin gwaji ke saka su ba sai an roƙa. Zinkin da bai kai kusan 1 mg/kg ba abin dubawa ne, musamman idan sabbin ganyen masara suna fitowa da farin zane a gefen jijiyar tsakiya.

Akwai mai wake da gyaɗa da waken suya, wanda lissafinsa ya fi sauƙi. Waɗannan suna samo naitirojin ɗinsu daga iska ta ƙulluttukan saiwarsu, don haka layin P shi ne nasa. Idan ya yi ƙasa, supa buhu 4 zuwa 5 a hekta ya fi masa yuriya nesa ba kusa ba, kuma masarar da za ta biyo baya za ta ci ragowar.

Inda abin ke cijewa shi ne kasuwa. Manomi ya karanta takardarsa, ya gane fosfaras yake nema, ya je shago ya tarar da kamfa iri biyu da yuriya, shi ke nan. DAP yawanci masana'antun haɗa taki yake tafiya, supa kuma ba kullum ake samunsa ba. Yuriya kam muna yin sa a gida, a Indorama da ke Eleme da masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022, amma fosfet da fotash mafi yawansu shigo da su ake yi. Dillali ba zai ɗauko abin da mutum ɗaya ya tambaya ba. Ƙungiyar manoma talatin ko hamsin da suka auna gonakinsu tare, suka ga yawancinsu matsalarsu ɗaya, su suna iya zuwa wurin dillali, ko kamfanin KASCO na jihar Kano da sauran masu haɗa taki, da buƙatar mota guda ta abin da ƙasarsu ke nema. Kuɗin awon ma idan aka haɗa samfura da yawa aka aika lokaci ɗaya yakan fi sauƙi. Kowa ya adana takardarsa, ya rubuta a bayanta abin da ya zuba da abin da ya ɗauka kowace shekara, bayan shekara uku a sake ɗiban ƙasa a wuraren nan dai, a lokaci irin na farko, a kai ɗakin gwajin da ya yi na farko, don a ga ko P ya hau, ko K da pH sun fara sauka.